Kaboyi ɗan ƙwadago ne, shanun na wasu ne

Duk wanda ya taso da kallon finafinan kaboyi, ko a sinima zamanin da ake zuwa sinima, ko a kaset, ko yanzu a waya, hoto ɗaya ne a kansa: ƙato bisa doki, malafa a ka, bindiga a ƙugu, daji nasa ne ba ya shakkar uban kowa. To ni tun da na tsunduma cikin tarihin mutanen nan abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙanƙantar lokacin. Daga shekarar da aka fara koro manyan garkuna daga jihar Teksas ta Amurka ana yin arewa da su, 1866 ke nan, zuwa sanyin da ya karkashe shanun a farkon 1887, duka-duka shekara 21 ce. Yaron da ya shiga harkar yana ɗan 17 bai cika 40 ba kasuwar ta watse. Kuma shi gogan naku da ake nunawa kamar sarki ɗan ƙwadago ne fa, albashinsa dala 25 zuwa 40 a wata, shanun ba nasa ba, filin ba nasa ba, yawanci dokin da yake kai ma na maigida ne, sirdi kawai zai nuna ya ce nawa.

Su kansu shanun baƙi ne a ƙasar. Kafin zuwan Turawa babu saniya ko ɗaya a nahiyar, Sifaniyawa ne suka kai su tun tafiyar Columbus ta biyu a 1493, daga tsibirai aka tsallaka da su Meksiko, daga Meksiko suka haura har Teksas, wasu suka ɓalle suka shige daji suna ta hayayyafa shekara da shekaru ba mai su. Su ne masu dogon ƙahon nan, ramammu, dogayen ƙafafu, ga faɗa, naman ba wani abin a zo a gani ba amma wajen jure tafiya da ƙishirwa ba a magana. Sana'ar ma wajen 'yan Meksiko aka koye ta, jifa da igiya mai zarge, sirdi mai ƙaho a gaba inda ake naɗe igiyar, yi wa maraƙi lamba da jan ƙarfe, duk nasu ne, su da ake nunawa a fim kullum a matsayin ɓarayi ko mashaya.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ne ya buɗe ƙofar. Mazan Teksas suka tafi yaƙi a ɓangaren kudu aka bar shanu hannun mata da yara da bayi, sojojin arewa kuma suka toshe kogin Misisifi babu hanyar fitar da dabba kasuwa. Da aka gama yaƙi suka dawo gida an ci su, kuɗin kudu ya zama takardar tsire, amma daji cike da shanu, ana ƙiyasin kamar miliyan 5. Sa a Teksas da ƙyar ya yi dala 4, shi ɗin dai in ka kai shi arewa ana maganar dala 40, ga Shikago ta buɗe ƙatuwar kara ranar Kirsimeti ta 1865 mahauta na jira. Ai ba sai an yi wa ɗan kasuwa dogon bayani ba. Matsala ɗaya, layin dogo bai zo Teksas ba, sai dai saniya ta taka da ƙafarta ta je ta same shi, kamar dai yadda fataken shanunmu suke korawa kudu a ƙasa kafin jirgi da tirela su karɓe aikin.

A 1866 ɗin shanu kusan 260,000 aka tsallakar da su kogin Red aka nufi Missouri, kuma da yawa ba su isa ba. Manoma ne suka tare hanya da bindigogi. Nan wajen ina so a tsaya kaɗan domin a fim manomin nan ko dai matsoraci ne ko mai neman fitina, alhali gaskiya tana hannunsa. Abin da suka lura da shi shi ne duk inda garken Teksas ya bi ya wuce, bayan 'yan makonni sai nasu shanun su kama zazzaɓi, fitsari ya koma ja, su fara faɗuwa, su kuwa na Teksas ɗin lafiyarsu ƙalau ko tari ba sa yi. Mutum yana da saniya uku ko huɗu da yake tatsa yana ciyar da iyali a wayi gari babu ko ɗaya, kuma ka ce masa ya yi haƙuri? Ba wanda ya san dalili a lokacin, wani ya ce numfashinsu ne, wani ya ce yawu ne, wani ya ce kofato ne, sai a 1893 wasu masu bincike biyu, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka tabbatar kaska ce. Shanun Teksas sun saba da cutar tun suna maruƙa, kaskar ta faɗo daga jikinsu ta hayayyafa a ciyawa ta maƙale wa na gida. Tun 1855 Missouri take da dokar hana su shigowa. Amma fa su ma 'yan fashi sun samu rigar sawa, sai su fito a sunan manoma masu kare dabbobinsu, su ɗaure mai garke a bishiya su zane shi, su tarwatsa shanun cikin dare, gobe su zo su ce a biya su ladan tattarowa.

Wanda ya warware ƙullin wani matashin dillalin shanu ne daga Illinois, Joseph McCoy. Ya ce to tunda gabas ta cika da gonaki a matsa yamma inda ba kowa, ya bi sabon layin dogo cikin Kansas a 1867 har ya tsaya a Abilene, wani ɗan ƙauye mai bukkokin katako da ba su wuce goma sha biyu ba, ya sayi fili ya kafa kara da sikeli da masauki, ya tura ɗan aike kudu ya tari masu garke ya ce ga kasuwa. A dokar Kansas ma wurin yana cikin yankin da aka hana shanun Teksas shiga, gwamna ya kau da kai. Ranar 5 ga Satumba 1867 tarago 20 na farko suka tashi zuwa Shikago, shekarar shanu 35,000 suka zo, zuwa 1871 ana maganar 600,000. Burtalin da suke bi sunan Jesse Chisholm aka sa masa, wani falke ruwa biyu, uwarsa Cherokee, wanda keken kayansa ne ya fara fitar da sawun hanyar, shi bai taɓa kora garke a kai ba kuma a 1868 ya rasu tun abin bai kankama ba.

Yadda tafiyar take kuwa: garke ɗaya shanu 2,500 zuwa 3,000, mutum goma ko sha biyu, da shugaban tafiya, da kuku, da wani ɗan yaro mai kula da dawakan canji domin kowa yana buƙatar doki shida ko fiye. Ba gudu ake yi ba sam, kilomita 16 zuwa 24 a wuni, ana tafe suna kiwo, in ka gaggauta su rame kuma nauyi ake saye. Wata biyu zuwa uku a hanya. Gwanaye su ne a goshin garke, wasu a gefe da gefe, sabbin shiga kuma a ajiye su can baya wajen guragu da ragwaye, nan ne ƙurar kofato dubu goma sha biyu take sauka, mutum ya ɗaure ƙyalle a hanci ya wuni, da yamma in ya kwance ƙyallen gira da gashin baki duk sun yi fari, ya yi ta kakin ƙasa har dare. Saniya in ta haihu a hanya yawanci kashe maraƙin ake yi da safe sabida ba zai iya tafiyar ba, a ɗaure uwar don kada ta koma neman sa. Abinci wake, burodi, gahawa, naman alade mai gishiri, yau shi gobe shi. Kuku kafin ya kwanta sai ya juya sandar gaban kekensa ta kalli tauraron arewa, da asuba an san inda aka dosa ko da gari ya yi hazo.

Dare shi ne abin tsoro. Ana gadi bibbiyu, awa biyu-biyu, suna zagaya garken ɗaya ta dama ɗaya ta hagu suna 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ba don nishaɗi ba, don shanun su san mutum ne ke motsi kada su firgita. Domin abu kaɗan ke tada su, tsawa, ƙyasta ashana, doki ya girgiza sirdi, sai dubu uku su miƙe lokaci guda su zabura cikin duhu, kai kuma aikinka ka sukwani doki ka kamo na gaba ka karkato da su har su koma zagaye, a filin da ke cike da ramukan ɓerayen daji, doki ya zurma ƙafa shi ke nan. Abin da ya fi kashe kaboyi ke nan, faɗuwa daga doki, nutsewa wajen tsallaka kogi, tsawa, ciwon haƙarƙari. Harsashi yana can ƙasan lissafi. Kuma masu tarihi da dama sun ce kusan ɗaya cikin huɗu na masu aikin nan baƙaƙen fata ne, 'yantattun bayi da suka iya shanu tun suna hannun iyayengiji, ga 'yan Meksiko kuma. Akwai Bose Ikard, da bawa ne, wanda attajirin shanu Charles Goodnight yake ba shi ajiyar kuɗin garke a hanya don ya fi yarda da shi a kan kowa, da ya rasu a 1929 Goodnight ɗin ne ya sa aka kafa masa dutse a kabari.

Garuruwan ma ba yadda ake nuna su suke ba. Eh akwai giya da caca da karuwai, yaro ya karɓi kuɗin wata uku ya ƙarar cikin kwana uku, wannan kam gaskiya ne. Amma Abilene da Wichita da Dodge City duk suna da dokar hana yawo da bindiga cikin gari, ka shigo ka ajiye. Wani masanin tarihi Robert Dykstra ya bi jaridun garuruwan shanu biyar na Kansas daga 1870 zuwa 1885 ya ƙirga kisan kai 45. Ga ƙananan garuruwa ba kaɗan ba ne, amma wani fim ɗin kafin a je rabi an kashe fiye da haka. Abin dariyar shi ne Abilene, garin da shanu suka gina, shekara biyar kacal manoma suka cika kewayensa, a farkon 1872 suka buga takarda suka aika Teksas wai don Allah masu garke su nemi wani wuri sun gaji. Haka kasuwar ta yi ta matsawa yamma, Ellsworth, Wichita, Dodge City, manomi na biye da ita da garmarsa, har 1885 Kansas ta hana shanun Teksas shigowa daga Maris zuwa Disamba, wato duk lokacin da ake tafiyar.

To filin da ake ta cewa ba na kowa ba ɗin nan, na wa ne? Da mutanensa. Ƙabilun 'yan asalin ƙasar, Comanche, Kiowa, Cheyenne, Lakota da sauransu, rayuwarsu kacokan a kan ɓaunar Amurka take, wadda ake ƙiyasin ta kai miliyan 30 a da. Daga wajen 1871 aka gano yadda ake jeme fatarta a yi bel na injinan masana'antu, maharba suka shiga daji da manyan bindigogi, a feɗe a ɗauki fata a bar nama yana ruɓewa, ita Dodge City ma da fatar ɓauna ta fara arziki kafin shanu. Zuwa ƙarshen shekarun 1880 abin da ya rage bai fi dubu ɗaya ba. Ku dubi wannan jerin: Satumba 1874 sojoji ƙarƙashin Kanar Mackenzie suka afka wa sansanin Comanche da Kiowa a kwazazzabon Palo Duro suka kama dawakansu suka harbe fiye da 1,000, a 1875 shugaban Comanche Quanah Parker ya miƙa wuya a Fort Sill, a 1876 Goodnight ya shigo da shanunsa cikin kwazazzabon nan dai. Tun kafin nan ma cinikinsa na farko da ya yi suna, shi da abokinsa Oliver Loving a 1866, gwamnati suka sayar wa nama a Fort Sumner don ciyar da 'yan Navajo kusan 8,000 da aka tsare a sansani. An raba mutane da abincinsu sannan aka samu kwangilar ciyar da su. Matar Goodnight ce ma daga baya ta matsa masa ya tsince 'yan maruƙan ɓauna marayu ya raina, da jikokinsu har yau a Teksas.

Da fili ya zama fayau sai kuɗi suka shigo, kuma ba na Teksas ba. Ciyawa kyauta ce tunda ƙasar gwamnati ce, abin da kake buƙata kawai ka mallaki bakin rafi, wanda ya riƙe mashaya ya riƙe duk dajin da ke bayanta. Labari ya kai Ingila da Sikotland cewa ana ninka kuɗi a Amurka ba wahala, aka yi ta kafa kamfanoni, Prairie a Edinburgh, Matador a Dundee a 1882, Swan a Wyoming a 1883, masu hannun jari suna zaune ƙetaren teku ba su taɓa jin warin kashin shanu ba. Wani abin ma sai ka riƙe baki, garke ake saye da lissafin littafi, mai sayarwa ya buɗe littafi ya ce ina da 30,000 a daji, a biya shi, ba wanda ya ƙirga. Jihar Teksas kuma ta ɗauki eka miliyan 3 ta ba wasu 'yan kasuwar Shikago ladan gina mata majalisa a Austin, nan aka yi gandun XIT. Da can kaboyi yana iya tara 'yan maruƙansa a gefe, ya yi lambarsa, wata rana ya zama maigida, da yawan manyan ma haka suka fara, da igiya da jan ƙarfe da rashin tambaya. Da kamfanoni suka zo sai suka ce an daina, ma'aikaci ba zai mallaki saniya ba. A 1883 kaboyin manyan gandaye biyar na arewacin Teksas suka shiga yajin aiki, wani Tom Harris ne jagora, suna neman dala 50 a wata. Wata biyu da rabi abin ya mutu, masu neman aiki sun yi yawa. Kaboyi da yajin aiki, wannan kam ban taɓa gani an sa a fim ba.

Sai waya mai ƙaya. Wani manomi a DeKalb ta Illinois, Joseph Glidden, ya yi mata rajista a 1874. Kafin ita shinge a wannan yankin sai mai hali don babu itace babu dutse, ita kuwa ga araha ga sauri. An ɗauka makamin manomi ce, kuma eh ta taimake shi, amma waɗanda suka fi saye manyan masu shanu ne, suka yi ta zagaye nasu da wanda ba nasu ba, har da hanyar makaranta da ta coci da mashayar da kowa ke sha. Fari ya zo a 1883, mai 'yan shanu ɗari ya koro su rafin da ya saba ya tarar da waya. Sai aka fara fita da dare da almakashi, ƙungiya-ƙungiya, a datse mil da mil kafin asuba, har aka fara rasa rayuka. Gwamna John Ireland ya kira zaman majalisa na musamman a farkon 1884, hukuncin da aka fitar shi ne abin lura: wanda ya yanke waya babban laifi ne, ɗaurin shekara 1 zuwa 5, wanda ya zagaye filin da ba nasa ba kuwa ƙaramin laifi ne, ya cire cikin wata shida, in shingensa ya tare hanya ya sa ƙofa duk mil uku.

Abin da ya rage sanyi ya ƙarasa. Daji ya riga ya cika maƙil, farashi na faɗuwa, bazarar 1886 ta zo da zafi da fari ciyawa ta ƙone, shanu suka shiga hunturu a rame kuma ba wanda ya tanadi ko dami ɗaya na ingirici domin tsarin gaba ɗaya a kan saniya ta nemi abincinta aka gina shi. Dusar ƙanƙara ta fara tun Nuwamba, a Janairun 1887 guguwa ta zo ta kwana da kwanaki a Montana da Wyoming da Dakota, sanyi ya wuce 40 ƙasa da sifiri, ya ɗan sassauta saman ya narke sannan ya sake daskarewa ya zama kamar gilashi, saniya ta sa baki ta tono ciyawa sai jini. Wasu suka bi iska suna tafiya har suka ci karo da waya suka taru a nan suka mutu a tsaye, wasu suka shiga cikin gari suna cin ɓawon bishiya. Da ƙanƙara ta narke koguna suka yi ta wucewa da mushe. Wani ya rasa rabi wani kusan duka, kuma a nan ne lissafin littafi ya tonu, manajoji da yawa suka ɗora wa sanyi har shanun da tun asali babu su. Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yana da garke a Dakota, fiye da rabi ya tafi. Alexander Swan na kamfanin Swan ya karye a watan Mayu. Granville Stuart na Montana, ɗaya daga cikin manya, ya rubuta cewa ba ya son ya sake mallakar dabbar da ba zai iya ciyar da ita ya ba ta mafaka ba.

Daga nan ne aka koma abin da yau ake ce wa ranci, fili mai takarda, shinge, rijiya da famfon iska, noman ciyawa a yanka a adana, shanu kaɗan amma masu nama. Na san tun dokar Binuwai ta hana kiwon sake ta 2017 da taron gwamnonin kudu a Asaba a 2021 ba a raba mu da jin "a yi ranci kamar Amurka", kuma ni ba na faɗa da killace dabba. Abin da nake so mai faɗin hakan ya haɗa da shi kawai shi ne su can sai da aka kawar da masu ƙasar, gwamnati ta raba fili eka 160-160 a dokar 1862, banki ya ba da bashi, jirgi ya zo ƙofar gida, sannan abin ya zauna. Kuma har gobe ba duka ne a killace ba, tun dokar kiwo ta Taylor ta 1934 masu shanu a yammacin Amurka suna sakin dabbobinsu a filayen gwamnatin tarayya da lasisi, hukuma ɗaya kawai tana kula da eka kusan miliyan 155 na kiwo, kuɗin da aka yi shekaru da dama ana biya dala 1.35 ne a wata kan saniya da ɗanta.

Manyan da suka tsira daga sanyin kuwa ba su ce laifinmu ne mun cika daji ba, sai suka ce ɓarayi ne. A Wyoming ƙungiyar masu shanu ita ce gwamnati a zahiri, tun 1884 ta sa aka yi doka duk maraƙin da aka samu a daji ba lamba nata ne ita za ta yi gwanjonsa, kaboyin da ya kuskura ya mallaki shanu kuma a sa sunansa a baƙin littafi ba mai sake ɗaukarsa aiki. Satar tana nan ba a ce babu ba, amma kalmar ɓarawo ta zama abin da ake liƙa wa duk wanda ya kafa gida a bakin ruwan da babba yake so. A Yulin 1889 mutum shida suka kama wata mata Ella Watson da Jim Averell a kogin Sweetwater suka rataye su, jaridun birnin Cheyenne suka ce karuwa ce da ake biya da shanun sata, alhali fili ta yi wa rajista a inda wani attajiri Albert Bothwell yake yankan ciyawa. Shaidu wani ya mutu wani ya ɓace, ba a hukunta kowa ba, filin ya ƙare a hannun Bothwell.

Ganin an sha da wannan sai suka shirya babba. Ranar 5 ga Afrilu 1892 jirgi na musamman ya tashi daga Cheyenne da mutum kusan 50, manyan masu shanu da 'yan bindigar haya sama da 20 daga Teksas, dala 5 a wuni da dala 50 kan kowane kai, da jerin sunayen waɗanda za a kashe a gundumar Johnson, aka yanke wayar tangaraho don kada labari ya fita. Ranar 9 ga wata da asuba suka zagaye wata bukka a gandun KC. Wani kaboyi Nick Ray ya fito suka harbe shi, abokinsa Nate Champion ya jawo shi ciki yana harbi da hannu ɗaya, sannan shi kaɗai ya riƙe mutum hamsin tun safe har la'asar, kuma wai a tsakanin harbin yana rubutu a ɗan littafinsa na aljihu, ya rubuta lokacin da Nick ya cika, ya rubuta yana jin suna faskare itace da alama wuta za su sa, ya rubuta gidan ya kama dole ya fita. Ya fito da gudu suka bindige shi, suka maƙala takarda a rigarsa ta gargaɗin ɓarayin shanu. Amma wunin da ya cinye musu shi ya ɓata shirin, wani maƙwabci Jack Flagg ya biyo ta hanyar ya gani ya tsere, kafin su isa garin Buffalo mutane sama da 200 sun fito da bindigogi, masu farauta suka koma abin farauta, aka ritsa su a gandun TA kwana biyu har an haɗa wata garkuwar gungume a kan keke za a tura ta jikin gidan a jefa nakiya.

Nan fa manya suka motsa. Muƙaddashin gwamna Amos Barber ya buga wa Washington tangaraho, sanatocin jihar biyu suka je wajen shugaba Benjamin Harrison cikin dare, safiyar 13 ga wata sojojin dawaki daga Fort McKinney suka iso suka "kama" maharan, wato suka cece su. Aka kai su Cheyenne garin abokansu, wasu maharba biyu da suka ga kisan da idonsu aka fitar da su daga jihar, aka bar wa gundumar Johnson kuɗin ciyar da fursunoni har asusunta ya ƙare, 'yan Teksas aka ba da belinsu suka tafi gida, a Janairun 1893 aka kori ƙarar.

Cikin waɗanda suka jagoranci tafiyar akwai Frank Canton, babban mai farautar ɓarayi na ƙungiyar, wanda ya taɓa riƙe shugaban 'yan dokar gundumar Johnson ɗin kanta. Sunansa na gaskiya Joe Horner, a Teksas an san shi da satar shanu da fashin banki, daga kurkuku ya gudu ya canza suna ya yi arewa. A 1894 ya koma ya samu afuwar gwamnan Teksas, a 1907 da Oklahoma ta zama jiha aka naɗa shi shugaban dakarun tsaronta, ya riƙe muƙamin shekara tara, ya mutu a gadonsa a 1927.